Igiya, Rawani Ɗaya Da Zinaren Bawa: Zuhudun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya.

Duk wanda ya tsaya bakin masallaci a unguwar Banifandou ta birnin Yamai bayan sallar magariba, zai ga abin da ake gani a sauran unguwanni. Liman bai shafa addu'a ba, hannaye sun riga sun shiga aljihu. Wani carbi na hannun dama, salula na hannun hagu, baki na motsi da wuridi, ido kuwa yana kan saƙon WhatsApp. A fada ma haka abin yake: an ɗora shayi a kan gawayi, samari shida sun jeru a benci ɗaya, kowa ya sunkuya, har ruwan farko ya huce ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. Sai ranar da aka ɗauke wuta, caji ya ƙare, sannan a ji muryar juna. A irin wannan hali ya dace muridi ya waiwayi rayuwar wani bawan Allah da aka haifa a ƙasar Nijar ta yau, wanda duniya ta zo masa har ƙofar gida da dukkan adonta, ya bar ta tsaye a waje.

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, a Maratta cikin ƙasar Gobir a watan Disamba na shekarar 1754, daidai da 1168 ta hijira. Maratta tana cikin jihar Tahoua a yau, kusa da Galmi. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo malami ne daga Fulani Toronkawa, mahaifiyarsa kuma Hauwa. Yana ƙarami iyalin suka koma Degel, a nan ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa. Daga baya ya lazimci Malam Usmanu Binduri kusan shekara biyu, kuma ƙanensa Abdullahi ya shaida cewa abin da ya ɗauko a wurin wannan malami har da hali da tsoron Allah, ba karatu kaɗai ba.

Sannan ya zauna da Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya bi shi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar wucewa aikin hajji, sai almajirin ya juyo gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin tafiyar ba. Wannan ƙaramin labari ana yawan tsallake shi, alhali akwai abin lura a ciki. Abin da saurayin ya haƙura da shi a Agadas alheri ne tsantsa, kuma zuciyarsa na begen Madina har ƙarshen rayuwarsa. Tun daga nan ya fara koya wa ransa cewa ba duk abin da ya kira shi ne zai amsa wa ba.

Yana ɗan shekara 20 ya fara wa'azi, a wajen 1774. Ya zagaya ƙasar Kabi, ya yi kusan shekara biyar a Zamfara yana karantar da manoma da makiyaya, maza da mata, da Hausa da Fulatanci. Jama'a ta yi ta ƙaruwa har sunansa ya kai fadar Alkalawa.

Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labarin wata al'ada tasa a cikin Infaƙul Maisuri. Idan Shehu zai fita wurin jama'a, yakan tsaya na ɗan lokaci a cikin gida shi kaɗai, ya yi wasu kalmomi a hankali, sannan ya fita. Da Bello ya tambaye shi, sai ya bayyana masa cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Allah alkawarin yin ikhlasi, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da waɗanda suka taru abin da zai faɗa. Mutane ne cike a ƙofar gida suna jira, wasu sun yi tafiyar kwanaki, amma bai yarda hayaniyarsu ta ja shi waje kafin ya daidaita zuciyarsa ba. Idan ya fito kuwa, sai ya yi musu sallama da sakin fuska, ya jure wa mai tambayar da ya katse shi, ya amsa masa kafin ya ci gaba. Wanda ke gabansa shi ne ke da hankalinsa gaba ɗaya. Muridin da ke farkawa da asuba hannunsa ya riga lalubo waya kafin bakinsa ya ambaci Allah, ya auna nisan da ke tsakanin hali biyun nan.

A wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Sallah, ya raba musu kyaututtuka. An ruwaito cewa rabon Shehu ya kai miskali 500 na zinare. Malamai suka karɓa suna godiya. Shehu ya miƙe ya nuna cewa shi da mutanensa ba su da bukatar dukiyar, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka. Da ya sa hannu ya karɓi zinaren, da bakinsa ya yi nauyi, domin ba a cin tuwon mutum a ɗaga masa murya. Rashin bukatarsa ne ya buɗe ƙofar kurkuku ga waɗanda ko saninsu bai yi ba.

To da me yake ci? Magabata sun ruwaito cewa igiya yake tufkawa da hannunsa, a sayar, ya ci daga kuɗinta. Sun kuma ruwaito cewa tufafinsa ba su wuce riga ɗaya da wando ɗaya da rawani ɗaya ba. Tufkar igiya aiki ne na zaune, mai tafiya a hankali, hannu na murzawa harshe na zikiri, ba ya son gaggawa kuma ba ya raba hankali biyu. Mutumin da sarakuna ke shakkar maganarsa ya zaɓi wannan sana'a, ya kuma wadatu da ita.

Yana ɗan shekara 40, a 1794, aka yi masa buɗin nan da ya ba da labarinsa da kansa, inda ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da Sidi Abdulƙadir Jilani, wanda ya rataya masa takobin gaskiya. Masana tarbiyyar ruhi sun daɗe suna karantar da cewa irin wannan haske ba ya sauka a zuciyar da ta cika da tarkace, kuma shekaru ashirin na ƙarancin ci da ƙarancin mallaka sun riga wannan dare.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Sarki Nafata ya hana rawani da lulluɓi, Yunfa ya ƙara matsa wa Jama'a, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni, Alkalawa ta faɗi a 1808. Nan ne jarrabawar ta fi tsanani, domin gudun duniya yana da sauƙi ga wanda ba ta zo wa ba. Ganima ta shigo, dawaki da bayi da gonaki, har wasu daga cikin mayaƙa suka shagala. Abin ya dami Malam Abdullahi ƙwarai, har ya bar rundunar da niyyar tafiya Madina, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo.

Shehu kuwa bai gina fada ba. Ya koma Sifawa ya shimfiɗa buzunsa, ya ci gaba da karantarwa da rubutu kamar yadda yake yi a Degel. A 1812 ya damƙa tafiyar da mulki a hannun mutum biyu, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Kada a ɗauka ya yanke hulɗa da mutane ne. Ya bar littattafai sama da 100, cikinsu akwai Ihya'us Sunna da Nurul Albabi da Bayanu Wujubil Hijira, ga waƙoƙin Fulatanci, ga wasiƙu da manzanni suka riƙa kaiwa ƙasashe masu nisa. Takarda da alƙalami da ɗan aike su ne hanyar sadarwar zamaninsa, kuma ya yi aiki da su fiye da kowa. Bambancin shi ne shi ke ɗaukar alƙalami lokacin da ya ga dama, ya ajiye lokacin wuridi, kuma babu saƙon da ya isa ya tashe shi daga kan buzu.

Wannan tarbiyya ta bi gidansa. Ɗansa Muhammadu Sambo ya shahara da zuhudu da kaɗaita don ibada. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta tashi cikin gidan sarauta mafi girma a yankin, amma abin da aka san ta da shi shi ne karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta na Ƴan Taru.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato kusa da Bello. Bayan doguwar jinya Allah ya karɓi ransa ranar 20 ga Afrilu 1817, daidai da 1232 ta hijira, yana da shekara 62 a lissafin bature. An binne shi a cikin gidansa, wurin da ake kira Hubbare a yau, inda masu ziyara daga Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe ke zuwa suna yi masa addu'a. Allah ya ƙara masa yarda, ya haskaka makwancinsa.