Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu

Mu mutanen Kance mun san sunan Tanimu, Allah ya jiƙansa, domin kakanninmu sun zauna ƙarƙashin ikon Damagaram. Shi ne ya kewaye birnin Zinder da ganuwa. Ya sa maƙeransa suka riƙa zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a gida, har ƙarfinsa ya kai bai cika jin tsoron Shehun Barno ba. A zamaninsa ayari na tashi daga Zinder, ya bi ta Agadas zuwa Tarabulus. Sai dai kada mu ɓoye, da yawan dukiyar nan daga cinikin bayi ta fito, alhali shari'a ta hana bautar da ɗa Musulmi. Ya rasu a shekarar 1884.