Marigayi Sarki Alhaji: Sarkin da Asibiti Ya Shigo Birni a Zamaninsa

Duk Bakanon da ya taɓa kai marar lafiya Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, to ya ci gajiyar aikin marigayi Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi a shekarar 1881, ɗa ne ga Sarki Muhammadu Abbas. Ya riƙe sarautar Ciroman Kano, ya yi hakimcin Bichi, sannan ya gaji Sarki Usman a 1926. A wancan lokaci kakanninmu sun fi amincewa da wanzami da mai ɗori, suna ɗari-ɗari da maganin Nasara, balle a ce za a yi wa mutum aiki da wuƙa. A farkon mulkinsa ne Hukumar En'e ta kafa asibitin birni a cikin ganuwa, inda talaka zai iya takawa da ƙafarsa. Shi ne aka sauya wa suna bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976.

A zamaninsa ne kuma ruwan famfo da lantarki suka shigo Kano, aka buɗe wurin jinyar kutare a Yadakunya, sannan a 1943 'yan mishan na SIM suka kafa asibitin ido a wajen ganuwa. Likitoci da ma'aikatan jinya suka baro ƙasashensu suka zo, masu yanar ido suka riƙa zuwa daga nesa ana yi musu tiyata. Wannan bai rage masa komai a addini ba: shi ne Sarkin Kano na farko da ya sauke farali, a 1937, abin da ya sa ake ce masa Sarki Alhaji, kuma shi ya sake gina Babban Masallacin birni.

Ya rasu a 1953, ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi. Sunansa ne Jami'ar Bayero take ɗauke da shi.

A yau 'ya'yanmu ne ke aikin jinya da tiyata a Legas, Jidda da Landan, alhali a gida akwai matan da ke fama da yoyon fitsari da dattawan da ido ya rufe. Idan baƙi sun iya ƙetaro teku domin kakanninmu, mako biyu daga hutun shekara ba zai gagare mu ba.

Allah ya jiƙan Sarki Alhaji, amin.