Rob Roy MacGregor

Rob Roy MacGregor (1671 – 28 ga Disamba, 1734) ɗan ƙasar Scotland ne, falken shanu kuma mayaƙi, wanda ya yi shekaru hukuma tana nemansa ruwa a jallo. Laƙabin Roy ya fito daga kalmar harshen Gaelic mai nufin ja, saboda jan gashinsa.

Asalin suna

A harshen Gaelic, Mac na nufin ɗa, don haka MacGregor, wato MacGriogair, na nufin ɗan Griogair. A shekarar 1603, bayan yaƙin Glen Fruin da dangin MacGregor suka gwabza da dangin Colquhoun, Sarki James na Shida ya haramta sunan, aka tanadi hukuncin kisa ga wanda ya ƙi sauya shi. An ɗage haramcin a 1661, aka maido shi a 1693. Wannan ya sa Rob Roy ya riƙa amfani da sunan dangin mahaifiyarsa, Campbell.

Rayuwar farko

An haife shi a Glengyle, kusa da tafkin Katrine. Yana da shekara 18 ya bi mahaifinsa, Donald, cikin boren 1689 na masu neman maido da gidan sarautar Stuart. A 1693 ya auri Mary MacGregor, kuma ya yi suna a fataucin shanu.

Rikici da Montrose

Ya ranci fam 1,000 daga James Graham, basaraken Montrose, don sayen shanu. An ce babban yaronsa ne ya gudu da kuɗin. A 1712 aka ayyana shi a matsayin mai gudun shari'a, aka ƙwace filayensa, aka kori iyalinsa daga gida. Daga nan ya shiga ramuwa: yana kore shanun Montrose, yana ƙwace kuɗin haya daga hannun wakilansa. An sha kama shi yana tserewa. Ya kuma taka rawa a boren 1715 da yaƙin Glen Shiel na 1719. A 1725 ya miƙa wuya ga Janar Wade, aka yi masa afuwa.

Mutuwa

Ya mutu a gidansa a yankin Balquhidder, a can aka binne shi. Sai a 1774, shekara 40 bayan mutuwarsa, aka halatta sunan MacGregor. Littafin Rob Roy na Walter Scott, wanda ya fito a 1817, ya ƙara yaɗa labarinsa.