Nana Asma'u 'yar Shehu: Farin Ciki a Tsakiyar Jarrabawa

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hasan. Tun tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, don haka sauran matan Shehu suka rene ta. A gidan ta yi karatun Alƙur'ani da sauran fannonin addini, ta kuma naƙalci Larabci da Fillanci da Hausa.

Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Daga nan jama'ar Shehu ta shiga shekarun yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai an yi asarar mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, sannan aka sake shan wuya a Alwasa a 1805. Hankali bai fara kwanciya ba sai da aka ci Alƙalawa a 1808.

Ƙarewar yaƙin Gobir bai kawo mata ƙarshen jarrabawa ba. Mahaifinta ya rasu a 1817, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi shi a 1837, daga baya kuma ta rasa mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da aminiyarta A'isha. Ba ta ɓoye zafin waɗannan rashe-rashe ba, domin ta yi waƙoƙin ta'aziyya masu yawa. Sai dai wanda ya nazarce su zai tarar ba a kan kuka suke tsayawa ba. Takan bayyana kewarta, ta jero kyawawan halayen mamacin domin a yi koyi da su, ta cika da addu'a da kyautata zato ga Allah.

A cikin wannan hali ne ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilmantar da matan karkara. Takan naɗa dattijuwa mai ilimi a matsayin jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta riƙa jagorantar mata zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin wa'azi su koma su karantar da 'yan'uwansu. Da yawa daga cikin matan nan yaƙi ne ya raba su da gidajensu da mazajensu. Ashe ke nan wadda ta ɗanɗani rashi ita ce ta zama mai share hawayen wasu. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato.

Shin mai imani yana iya samun farin ciki a cikin tsananin wahala? Rayuwar Nana Asma'u ta nuna yana iya samu, amma ba farin cikin wanda bai san zafi ba. Nata farin cikin natsuwa ce da ta samo daga yarda da ƙaddara, da kuma ganin aikinta yana amfanar jama'a. Ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya lura da wannan, domin zai tarar da marayu da 'yan gudun hijira a ajinsa, kuma shi za su zuba wa ido.