Harold Wilson: Mutumin da Ya Kwaso Sojojin Birtaniya Daga Gabas

Duk lokacin da na ji 'yan kasuwarmu suna hirar Dubai, sai in tuna wani Bature mai shan lofe wanda da yawansu ba su san sunansa ba, Harold Wilson.

An haife shi a garin Huddersfield na Ingila a 1916. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, har ya koyar da tattalin arziki a Jami'ar Oxford tun yana saurayi. A 1964 ya zama Firaminista a ƙarƙashin jam'iyyar Labour. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne, da farko yana cikin masu son Birtaniya ta ci gaba da riƙe sansanoninta na Adan, Singafo da Tekun Fasha.

To amma aljihu ya ƙi. A Nuwamban 1967 aka karya darajar fam daga dala 2.80 zuwa 2.40. A wannan watan ne kuma sojojin suka fice daga Adan bayan shekaru ana gwabzawa da 'yan gwagwarmaya. A Janairun 1968 Wilson ya sanar cewa za su bar Malesiya, Singafo da Tekun Fasha kafin ƙarshen 1971.

Abin mamaki, masu masaukin ne suka shiga damuwa. Lee Kuan Yew na Singafo ya tashi takanas zuwa Landan, 'yan watanni kawai ya samo ƙari. Sarakunan Tekun Fasha suka ce za su biya kuɗin zaman sojojin, aka ƙi. Dole suka nemi mafita. Bahrain da Katar suka sami 'yanci a 1971, masarautu shida kuma suka haɗu a ranar 2 ga Disamba suka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta bakwai ta shigo a 1972. Kwana biyu kafin haɗuwar, Iran ta sa ƙafa a tsibiran Abu Musa da Tunb, rigimar da har yau ba ta mutu ba.

Wilson ya faɗi zaɓe a 1970, ya dawo a 1974, ya sauka da kansa a 1976, ya mutu a 1995 bayan ciwon mantuwa ya cinye shi.

Ni dai abin da na ɗauka a nan: sojan baƙo da lissafin gidansu yake zama, da shi kuma yake tafiya. Mai masauki ya kwana da shiri.