Ashli, depiten da ya fidda yara daga ramin kwal

An haifi Antoni Ashli a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekara ta 1801. Ɗan babban gida ne, ubansa mai sarauta ne, mai gonaki da dukiya. Amma bai ji daɗin ƙuruciya ba, don iyayensa ba su jawo shi a jiki ba. Wata mai aikin gidansu, Mariya Milis, ita ta rene shi, ta koya masa addu'a da jin ƙan mutane.

A 1826 aka zaɓe shi depite a majalisar dokoki, yana da shekara 25. Ɗan jam'iyyar Tori ne, wato ƴan mazan jiya, masu son a bar mulki a hannun sarki da manyan gidaje. Ashli ma ra'ayinsa ke nan. Da aka kawo dokar ƙara yawan masu jefa ƙuri'a, wadda aka zartar a 1832, bai goyi bayanta ba. Sai dai a ganinsa, wanda Allah ya ba girma, nauyin talaka yana wuyansa.

A wancan zamani masaƙu sun cika arewacin Ingila. Masu masaƙa suna ɗaukar yara ƙanana aiki, don kuɗinsu ba yawa. Yaro sai ya yi awa 12 ko fiye yana tsaye gaban inji. In ya yi gyangyaɗi, ya sha duka. Wasu inji ya cinye musu yatsu.

A 1833 Ashli ya kai wa majalisa shawara, kada yaro ya wuce awa 10 a wurin aiki. Masu masaƙa suka tashi tsaye, wai in an yi haka kasuwa za ta mutu. Shawarar ta faɗi. Duk da haka gwamnati ta yi wata doka a shekarar nan: an hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙa, an kuma naɗa mutum 4 masu zagayawa su duba.

Daga nan ya waiwayi ramukan kwal, wato gawayin da ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa. Ya sa aka yi bincike, rahoto ya fito a 1842, har da zane-zane. Jama'a suka ga yara ƴan shekara 5 ko 6 zaune cikin duhu yini guda, suna buɗe ƙofar iska suna rufewa. Suka ga ƴan mata da sarƙa a ƙugu, suna rarrafe suna jan amalanken kwal. Hankalin mutane ya tashi ƙwarai. A shekarar nan aka hana mata duka shiga rami, aka hana yara maza da ba su kai shekara 10 ba.

Maganar awa 10 kuwa bai sake ta ba. Ya sake kai ta a 1844, ta sake faɗuwa, har shugabannin jam'iyyarsa ba su tsaya masa ba. Sai a 1847 ta zama doka, domin mata da matasa masu aiki a masaƙa. Shekara 14 ke nan ana ja. Ranar da aka zartar da ita ma ba ya cikin majalisa, wani depite mai suna Jon Fildin ne ya ƙarasa aikin.

A 1851 ubansa ya rasu, ya gaji sarautar gidansu, aka koma kiransa Lod Shaftsburi. Bai huta ba. Tun 1844 yake shugabancin ƙungiyar makarantun kyauta na ƴaƴan talakawa. A 1875 ya sa aka yi dokar da ta kawo ƙarshen tura yara cikin bututun hayaƙi su share.

Ya rasu a 1885, yana da shekara 84. Ranar jana'izarsa talakawan Landan suka cika titi, ƴan talla da leburori da yaran makarantun nan, suka tsaya har aka wuce da gawarsa. Mutumin da bai so a ba su ƙuri'a ba, shi ne ya fidda ƴaƴansu daga rami ya kai su lakwal.