Ibnu Khaldun: Malamin Da Ya Zaga Fadojin Magrib Kafin Ya Zauna Ya Rubuta Tarihinsu

 

'Yan'uwa, kowace shekara muna sallamar ɗalibai daga nan N'Djamena zuwa Alƙahira da Tunis da Fas domin neman ilimi. Akwai kuma masu hali da kan haɗa kuɗi su tafi ziyarar buɗe ido zuwa waɗannan tsofaffin birane. In sun dawo sai su nuna mana hotunan ganuwa da hasumiyoyi da ƙofofi masu ado. Ɗan jagora ya faɗa musu shekarar da aka yi ginin da sunan sarkin da ya gina, daga nan sai a wuce gaba. Yau mun so mu bi hanyar nan tare da mutum guda da ya zauna a kusan kowanne daga cikin biranen, ya sha daɗinsu ya sha wuyarsu, sannan ya rubuta dalilin tashinsu da faɗuwarsu. Shi ne Abu Zaidi Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda duniya ta sani da Ibnu Khaldun, Allah Ya jiƙansa.

Tunis

An haife shi a Tunis ranar 1 ga Ramadan, 732 bayan Hijira, daidai da 27 ga Mayu, 1332. Asalin gidansu Larabawan Hadramaut ne na ƙasar Yaman. Sun daɗe a birnin Ishbiliya na Andalus, suka baro shi kafin ya faɗa hannun Kirista a 1248, suka shiga hidimar sarakunan Banu Hafsin a Tunis. Kakan mahaifinsa ya riƙe baitulmali, an kuma kashe shi a wata rigimar sarauta. Mahaifinsa kuwa sai ya kauce wa fada ya rungumi littattafai.

Yaron ya haddace Alƙur'ani da ƙira'o'i bakwai, ya karanta Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da fiƙihun Malikiyya, irin karatun da muka tashi a cikinsa a zaurukanmu. A 1347 Sarkin Fas Abul Hasan ya ci Tunis da yaƙi, ya zo da ayarin malamai, cikinsu har da Al-Abili mutumin Tilimsan, wanda ya koya masa manɗiƙi da lissafi. Ba a jima ba annobar ɗa'un ta 749 (1348) ta sauka, ta ɗauke uwarsa da ubansa da mafi yawan malamansa, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Yana kusan shekara ashirin aka ba shi aikinsa na farko a fada: rubuta kalmomin godiya ga Allah da babban alƙalami a saman wasiƙun sarki.

Wanda ya shiga tsohon birnin Tunis a yau za a nuna masa Masallacin Zaituna, da unguwar Turbatul Bai inda gidansu yake.

Fas

A 755 (1354) ya isa Fas, ya shiga majalisar malaman Sarki Abu Inan, aka sa shi cikin magatakarda. Abu Inan ɗin nan shi ya gina makarantar Bu Inaniyya da baƙi ke cika a yau suna kallon sassaƙen katakonta. Shi ne kuma ya jefa Ibnu Khaldun kurkuku a 1357, bisa zargin yana ƙulla makirci da wani ɗan sarkin Bijaya da ake tsare da shi a Fas. Ya yi kusan shekara biyu a ɗaure, bai fita ba sai da sarkin ya rasu. Maimakon ya yi nesa da fada, sai ya taimaki Abu Salim ya hau gadon mulki, aka saka masa da muƙamin magatakardan sirri, daga baya aka ba shi sauraron koke-koken waɗanda aka zalunta. A zamanin nan ne jakadun Sarkin Mali suka iso Fas da kyautar raƙumin dawa, gari ya fito kallo, shi kuma ya adana labarin a tarihinsa.

Garnaɗa, Bijaya da Tilimsan

Da aka kashe Abu Salim sai ya haye teku zuwa Garnaɗa a 1362. Sarkinta ya aike shi jakada wurin Fediro, sarkin Kirista, a Ishbiliya garin kakanninsa. Fediro ya nemi ya zauna wurinsa a mayar masa da dukiyar gidansu, ya ƙi. Da ya ga fuskar wazirin Garnaɗa, abokinsa Ibnul Khaɗib, ta fara sauyawa gare shi, sai ya tattara ya koma Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau, inda tsohon abokin nan nasa na Fas ya zama sarki. A 1365 aka naɗa shi hajibi, wato babban waziri. Da safe yana kan harkar mulki, in ya tashi ya wuce masallacin Ƙasaba ya karantar da ɗalibai. Shekara guda bayan haka Abul Abbas mai mulkin Kusanɗina ya kashe sarkin a yaƙi, Ibnu Khaldun ya fita ya miƙa masa garin.

Shekaru tara da suka biyo baya ya yi su yana kai da komo tsakanin Biskara da Tilimsan da Fas. Yau yana tara wa Sarkin Tilimsan ƙabilun Larabawan daji, gobe yana tara wa Sarkin Fas su. Ya kan ɗan fake a Ubbad, kusa da kabarin Shehu Abu Madyana a bayan Tilimsan, da niyyar ya koma ga karatu, sai wani sarki ya sake aiko masa. Ba mu kawo wannan don cin naman mamaci ba, shi da kansa ya rubuta shi a littafin rayuwarsa, At-Ta'arif. Abin da ya gani da idonsa ya ishe shi wa'azi: an shaƙe Ibnul Khaɗib a kurkukun Fas, daga baya kuma aka kashe ƙanensa Yahaya a Tilimsan, dukansu a hidimar sarakuna.

Ƙal'atu Ibni Salama

Wurin da ya fi kowanne muhimmanci a rayuwarsa ba ya cikin manyan biranen da ake kai baƙi. A 776 (1375) Sarkin Tilimsan ya aike shi wurin ƙabilu, sai ya saki hanya ya nemi mafaka wurin Aulad Arif. Suka saukar da shi da iyalinsa a wani ɗan birni a kan dutse, Ƙal'atu Ibni Salama, kusa da garin Farenda a Aljeriya. Yana da shekara arba'in da uku, ya riga ya ƙarar da fiye da ashirin daga cikinsu a ƙofofin fada. Ya zauna nan kusan shekara huɗu. Cikin wata biyar na shekarar 779 (1377) ya gama rubutun farko na Muƙaddima, gabatarwar babban tarihinsa Kitabul Ibar.

Abin da ya kawo a cikinta, a taƙaice, shi ne: labari ba ya karɓuwa don kawai an same shi a littafi, sai an auna shi da yadda al'amuran mutane ke gudana. Ya nuna yadda marubuta kan ƙirga rundunar da ƙasar da suke magana a kanta ba za ta iya ciyarwa ba. Ya bayyana cewa mulki yana kafuwa ne a kan asabiyya, wato haɗin kai da kishin juna irin na mutanen da wahalar daji ta haɗa. In sun ci birni sai jin daɗi ya shige su. Kaka ya kafa, ɗa ya riƙe, jika ya manta wahalar da aka sha, cikin kimanin shekara ɗari da ashirin sai wasu su taso daga daji su karɓe. Ya nuna cewa sabuwar daula haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, tsohuwa kuwa ta tsananta haraji ta tara kaɗan, domin manomi da ɗan kasuwa in sun tabbata za a ƙwace abin da suka samu sai su daina nema. Zalunci, a wurinsa, shi ke mayar da birni kufai.

Ya yi magana kuma da mu masu karantarwa. Ya ce yawan duka yana koya wa yaro ƙarya da munafunci, kuma cusa wa mai farawa taƙaitattun matanoni masu tsauri yana wahalar da shi. Ya fifita a bi darasi sau uku, daga sauƙi zuwa zurfi, ya kuma yabi tafiya neman ilimi da zama gaban malamai daban-daban.

Alƙahira

Buƙatar littattafai ta mayar da shi Tunis a 1378. Ɗalibai suka yi masa caa, amma tsakaninsa da limamin Zaituna, Ibnu Arafa, babu jituwa. A 1382 ya nemi izinin aikin Hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya, bai sake taka ƙasar Magrib ba. Ya karantar a Azhar, a 786 (1384) Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya. Ya matsa wa masu shaidar zur, ya ƙi karɓar ceton manya, ya ci gaba da sa alkyabbarsa ta mutanen Magrib. A wannan shekara ne jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya. Allah Ya jiƙansu. Ya sauke farali a 789 (1387). Sau shida ana naɗa shi alƙalanci, sau biyar ana tuɓe shi.

A 1401, Taimur Lang ya kewaye Dimashƙa yana ciki. Aka zuro shi da igiya daga kan ganuwa, tsoho mai kusan shekara saba'in, ya je sansanin Taimur. Ya yi fiye da wata guda yana zuwa majalisarsa, ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib, ya kuma samo wa wasu abokansa aminci. Garin kam bai tsira daga wawaso da gobara ba. Ya koma Alƙahira, ya rasu a Ramadan 808 (Maris 1406) yana kan kujerar alƙalanci, aka binne shi a maƙabartar Sufaye bayan Babun Nasri.

Rabonmu a cikin littafinsa

Mu mutanen tafkin Chadi muna da bashin godiya a kansa. Shi ya rubuta cewa a 655 (1257) Sarkin Kanem ya aika wa Al-Mustansir mai mulkin Tunis kyauta, cikinta har da raƙumin dawa. Almajirinsa Al-Maƙrizi ya ba da labarin makarantar Ibnu Rashiƙ da aka gina a Masar da kuɗin mutanen Kanem, inda suke sauka a hanyar Hajji. Jerin sarakunan Mali kuwa ya samo wani sashensa daga bakin Shehu Usmanu, malamin ƙasar Gana, da ya haɗu da shi a Masar a 796 (1394). Yana zaune a Alƙahira wasiƙar Mai Usmanu ɗan Idirisu ta iso wa Barƙuƙ a 794, tana kukan yadda wasu Larabawa ke kama Musulmin Barno 'ya'ya suna sayarwa. A zamanin nan ne Bulala na yankin Fitri suka fitar da Sefawa daga Njimi, bayan rigingimun gado sun raunana gidan. Abin da ya bayyana game da tsufan dauloli ya faru a ƙasarmu tun yana raye.

Don haka ɗalibinmu da Allah Ya kai Fas, bayan ya gama kallon Bu Inaniyya, ya tuna cewa a ɗakin littattafan Ƙarawiyyin akwai wani juzu'i na Kitabul Ibar daga kwafin da marubucinsa ya aiko daga Masar ya yi waƙafinsa a 799. Sarakunan da ya yi wa hidima, su Abu Inan da Abu Salim da Abul Abbas, yawancin abin da muka sani game da su ta alƙalaminsa muka sani. Nasiharmu ga masu dawowa da shahada suna zarya tsakanin ofisoshi da gidajen manya ita ce su lissafa shekarun mutumin nan: fiye da ashirin a fada, huɗu a kan dutse, su duba wanne ya amfani al'umma. Aikin hukuma ba haramun ba ne, alƙalancinsa a Masar shaida ne cewa ana iya riƙe muƙami da tsoron Allah. Sai dai kowa ya ware wa karatu da rubutu lokacin da babu mai taɓa shi, tun da sauran ƙarfi.

Allah Ya gafarta wa Abdurrahman Ibnu Khaldun, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri. Allah Ya ba shugabanninmu adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar mana da ɗalibanmu da ilimi mai amfani. Amin.